Johann Peter Hebel: Malamin da Ya Nemi Ƙauye Aka Ba Shi Birni

Ranar 16 ga Oktoba, 1773, wani amalanken shanu ya taso daga birnin Basel ya nufi ƙauyen Hausen, cikin kwarin kogin Wiese, a kusurwar kudu maso yammacin Jamus. A kwance a cikinsa akwai wata mata, Ursula, wadda ciwo ya ci ƙarfinta a gidan da take aikatau, ake ƙoƙarin mai da ita gida. Ɗanta mai shekara 13 yana tare da ita. Ba su kai ba. Tsakanin Brombach da Steinen rai ya yi halinsa, yaron yana kallo. Daga ranar Johann Peter Hebel ya zama ba uwa ba uba, ba wa ba ƙane.

Uban dama bai san shi ba. Johann Jakob Hebel masaƙi ne daga garin Simmern, wanda ya bar saƙa ya bi wani hafsan soja ɗan Basel mai suna Iselin a matsayin bara, ya zaga ƙasashe da shi. A gidan Iselin ɗin ya haɗu da Ursula. Aka haifi Johann Peter a Basel ranar 10 ga Mayu, 1760, shekara na zagayowa zazzaɓin taifot ya ɗauke uban, ya ɗauke jaririyar ƙanwarsa. Uwar ta ci gaba da tsarin da suka saba: idan damina ta faɗi suna Basel, tana aiki a gidan masu hali, idan sanyi ya shigo su koma Hausen. Don haka yaron ya tashi da ƙafa biyu, ɗaya a falon attajirai ɗaya a bukkar talaka. A Basel yana zuwa makarantar 'ya'yan birni. A Hausen yana ɗebo itace a daji, yana taya aiki a ma'aikatar narkar da tama ta ƙauyen, yana kuma taka sawu zuwa makarantar Latinanci a Schopfheim. Shekaru da yawa bayan haka ya rubuta da hannunsa cewa tun yana ƙarami ya koyi zaman talauci ya koyi zaman wadata. Duk wanda ya karanta labaransa zai ga gaskiyar wannan, domin ba ya rawar jiki a gaban sarki, ba ya kuma ɗaga hanci a gaban mabaraci.

Bayan rasuwar uwar, mutanen kirki suka tsaya masa. Aka haɗa ɗan abin da ta bari da taimakon wasu malaman coci, aka tura shi babbar makarantar Karlsruhe, fadar masarautar Baden, a 1774. Can ma abincinsa a gidajen mutane yake, yau wannan gida ya ciyar da shi gobe wancan, kamar yadda aka saba yi wa ɗalibai marasa galihu a lokacin. Ya gama a 1778, ya wuce jami'ar Erlangen ya karanta ilimin addinin Kirista shekara biyu. Burinsa bai wuce ɗaya ba, kuma ba babba ba ne: a ba shi majami'ar wani ƙauye a yankinsu, ya zama fasto, ya zauna cikin mutanensa.

Ba a ba shi ba. A 1780 ya samu aikin koyar da yaran wani fasto a ƙauyen Hertingen. A 1783 aka ɗauke shi mataimakin malami a makarantar Lörrach, albashi kaɗan, aiki jibge. Shekara takwas ya yi a nan yana jiran kiran da bai zo ba. Amma fa shekarun ba su tafi a banza ba. A Lörrach ya ƙulla abotar da ta raka shi har kabari, musamman da Tobias Günttert, shugaban makarantar, da Friedrich Wilhelm Hitzig. Da abokansa ya riƙa hawan duwatsun Baƙin Daji, irin su Belchen da Feldberg, yana sauraron yadda makiyaya da manoma ke magana. A gidan Günttert kuma ya san Gustave Fecht, 'yar'uwar matar maigidan. Sun yi musayar wasiƙu sama da shekara talatin. Bai aure ta ba, bai auri kowa ba, ita ma ba ta yi aure ba. Wasiƙun suna nan, an buga su, cike da raha da kulawa, kuma ba su bayyana abin da ya hana ba.

A 1791 kira ya zo, sai dai daga wata nahiya. Aka mai da shi Karlsruhe, makarantar da ya yi karatu, ya zama malami, yana kuma wa'azi a fada lokaci-lokaci. Karlsruhe sabon birni ne, an kafa shi a 1715, shimfiɗe a fili, tituna sun miƙe daga fadar sarki zuwa kowace kusurwa, babu dutse babu kwari. Mutumin da ya saba da tuddai da ƙoramu aka ajiye a nan, kuma a nan ya zauna shekara 35, har mutuwa. Ya koyar da Latinanci da Girkanci da Ibrananci, ya koyar da ilimin halittu, musamman tsirrai. Ya tara ganyaye da furanni yana busarwa yana jerawa. Ya taimaki abokinsa Karl Christian Gmelin wajen rubuta littafin tsirran ƙasar Baden, har Gmelin ya raɗa wa wani tsiro sunan Hebelia. A 1798 ya zama farfesa a makarantar. A 1806 aka yi maganar ba shi majami'ar mabiya Luther a Freiburg, kusa da gida, ya yi ta kai-komo a zuciyarsa, daga ƙarshe sarki Karl Friedrich ya ce ya zauna. A 1808 aka ɗora masa shugabancin makarantar gaba ɗaya.

Mutane da yawa idan suna ba da tarihinsa suna ɗaukar wannan zaman aji a matsayin ƙaddarar da ta tauye mawaƙi. Ni ban gan shi haka ba. Kewar gida ce ta sa shi waƙa, wannan ba musu. Amma hannun da ya rubuta waƙoƙin da labaran, aji ne ya horar da shi. Wanda ya shafe shekaru yana tsaye gaban yara yana neman hanyar da zai sa su gane nahawun Ibrananci ko yadda fure ke zama iri, ya san daidai inda hankalin mai sauraro yake tsinkewa, ya san lokacin da za a sako misali, ya san lokacin da za a yi shiru. Ya kuma san abin da malaman kirki kaɗai suka sani, wato mai sauraro ba wawa ba ne, bai dai riga ya ji ba ne.

A 1799 ya kai ziyara yankinsu, ya dawo da wani abu yana cin ransa. Cikin shekaru biyu zuwa uku ya rubuta waƙoƙi 32, ba da daidaitaccen Jamusancin da yake koyarwa yake wa'azi da shi ba, da karin harshen Alemaniyanci, irin na mutanen kwarin Wiese, wanda masu ilimi a lokacin suke ɗauka tamkar rigar gona, a sa a yi aiki, a tuɓe kafin a shiga taro. Samun mai bugawa ya yi wuya, sai da aka bi mutane suka yi alkawarin saye tukuna. Littafin, Alemannische Gedichte, ya fito a Karlsruhe a 1803, babu cikakken sunan marubuci, sai haruffan farko. A bayansa ya jera ma'anonin kalmomi don waɗanda ba su jin karin, aikin malami sak.

Waƙar da ta buɗe littafin a kan kogin Wiese take. Ya mai da kogin yarinya. An haife ta a kan dutsen Feldberg, tana rarrafe, tana tasawa, tana gangarowa ta garuruwan 'yan Katolika, da ta iso Hausen sai ta shiga ƙasar mabiya Luther, aka sake mata sutura irin ta 'yan matan yankin. Ta wuce Schopfheim da Lörrach tana juya injinan niƙa tana shayar da fadamu, har ta isa kusa da Basel, inda ango ke jiranta, wato kogin Rhein. Abin lura shi ne ma'aunin da ya ɗora waƙar a kai, ma'aunin da Homer ya yi manyan waƙoƙin Girkawa da shi. Malamin Girkanci ya ɗauko karin da ake girmamawa fiye da kowane a Turai ya aza wa maganar manoma, kuma ta ɗauka ba ta tanƙware ba. Hujjarsa ke nan ga masu raina harshen uwarsa, bai tsaya jayayya da su ba.

Amma waƙar da ta fi nauyi ita ce Die Vergänglichkeit, a kan ƙarewar komai. Hira ce cikin dare tsakanin wani dattijo da yaronsa, suna kan amalanken shanu, a kan hanyar Basel tsakanin Steinen da Brombach, daidai inda uwarsa ta cika. Bai ambaci wannan a waƙar ba, wurin kawai ya ambata. Suna wuce kufan tsohuwar fadar Rötteln, yaron ya tambaya ko gidansu ma wata rana haka zai koma. Dattijon bai ɓoye masa ba. Ya ce haka ne, gidan zai tsufa, ƙauyen zai zama kufai, Basel ɗin nan mai kyau da dukiya da manyan majami'u ita ma za ta kwanta, matafiyi ya zo wucewa ya nuna wa abokin tafiyarsa inda take a da. Daga nan ya kai shi har tashin duniya, wuta ta cinye duwatsu, kogin ya ƙafe. Yaron ya firgita ya yi kuka. Dattijon yana lallashinsa, yana ba shi labarin wani gida can sama da taurari, yana kuma tsawata wa shanun su yi sauri. Wannan haɗin shi ne Hebel: maganar ƙarshen duniya da kiran saniya a numfashi ɗaya, kuma babu wanda ya rage wa ɗaya daraja. Shekara kusan talatin mutumin nan yana ɗauke da abin da ya gani a wannan hanya, da ya tashi sauke shi sai ya ba yaron da ke cikin waƙar abin da shi bai samu ba a ranar, wato babba a gefensa mai yi masa bayani.

Littafin ya karɓu fiye da zato. Marubuci Jean Paul ya yabe shi tun a 1803. Aka sake bugawa a 1804, wannan karon da sunansa. A 1805 babban marubuci Goethe, wanda ba a cika samun yabo daga bakinsa a arha ba, ya rubuta sharhi mai tsawo a wata jaridar adabi ta Jena, yana jinjina yadda Hebel ya mai da rana da taurari da koguna mutanen karkara. Daga nan marubuta a sassa da dama na ƙasashen Jamusawa suka samu ƙarfin halin rubutu da karin garuruwansu.

Sai maganar kalanda, wadda a ganina ita ce babban aikinsa. A wancan zamani kalanda ɗan littafi ce mai fitowa shekara-shekara, ɗauke da kwanaki, da tsayuwar wata, da ranakun kasuwanni, da shawarwarin noma, da 'yan labarai. A gidan manomi da wuya ka tarar da abin karatu da ya wuce Littafi Mai Tsarki, da littafin waƙoƙin coci, da kalanda. Izinin buga kalandar mabiya Luther na Baden a hannun makarantar Karlsruhe yake, kuɗin da take samu daga ciki yana cikin abin da take rayuwa da shi. To, kasuwar ta faɗi. Wa'azi ya yi mata yawa, daɗi ya yi mata kaɗan, mutane suka koma sayen kalandun waje. A 1806, ba tare da kowa ya nema ba, Hebel ya rubuta wa hukuma takardar shawara. Ya ce a sake mata suna mai jan hankali, a kyautata takarda da bugu, a sa hotuna, a daina rubuta ta da kwamiti, a damƙa ta hannun mutum ɗaya wanda ke zaune cikin talakawa ya san abin da suke so. Hukuma ta karɓi shawarar, ta kuma ce shi ne mutumin. Daga fitowar 1808 kalandar ta koma Der Rheinländische Hausfreund, wato aminin gida na ƙasar Rhein.

A cikinta ya zuba komai. Ya yi bayanin girman rana da nisanta, da dalilin da ya sa duniya ke zagaya ta, da taurari masu wutsiya. Ya rubuta a kan gizo-gizo da macizai da amfanin dabbobin da manomi ke kashewa bisa jahilci. Ya sa lissafi da kacici-kacici. Ya ba da labarin yaƙe-yaƙen Napoleon da ke gudana. Ya ƙirƙiro ɓarayi uku, Zundelheiner da Zundelfrieder da wani Dieter mai jan gashi, waɗanda masu karatu ke jira kowace shekara su ji wace ɓarna suka sake yi. Ya kawo Yahudawa da Turkawa da Faransawa da Rashawa a cikin labaransa, sau da yawa su ne masu hankali da amana a labarin, a lokacin da ba haka aka saba nuna su ba. Akwai labarin wani alƙali a ƙasashen Gabas: attajiri ya yar da kuɗin azurfa 700 a ƙulle cikin ƙyalle, ya yi shelar tukuicin 100 ga wanda ya tsinta. Da mai gaskiya ya kawo, sai attajirin ya ce ai 800 ne, ka riga ka cire ladanka. Alƙali ya ce to, tunda kai 800 ka yar, shi kuma 700 ya tsinta, wannan ba naka ba ne, je ka jira wanda zai tsinci naka. Akwai labarin wani tela Bajamushe a garin Penza na Rasha, wanda ya sadaukar da dukiyarsa yana kula da fursunonin yaƙi 'yan ƙasarsa bayan rugujewar rundunar Napoleon a 1812. Akwai kuma Kannitverstan, wanda yaran Jamus suka daɗe suna karantawa a makaranta: saurayi daga Tuttlingen ya je Amstadam, ya tambayi mai wani katafaren gida, da mai wani jirgin ruwa cike da kaya, da wanda ake kaiwa makabarta, kowane lokaci aka ce masa da harshen Holan ba a gane abin da yake faɗa ba, shi kuwa ya ɗauka sunan mutum ɗaya ne. Ya bi gawar yana tausayin attajirin, ya koma masauki ya ci abincinsa da natsuwa. Kuskure ne ya kai shi ga gaskiya, Hebel kuma bai yi masa dariyar ƙeta ba.

A 1811 kamfanin Cotta ya tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen ya buga su a littafi ɗaya, Schatzkästlein des rheinischen Hausfreundes. A ciki akwai labarin da bai kai shafi biyu ba, Unverhofftes Wiedersehen, wanda masanin falsafa Ernst Bloch ya ɗauka babu labarin da ya fi shi kyau a duniya. Tushensa abu ne da ya faru. A Falun ta ƙasar Suwidin, a ramin haƙar tagulla, an tono gawar wani mahaƙi a 1719, shekaru arba'in da 'yan kai bayan ɓacewarsa, ruwan ma'adinin ramin ya hana ta ruɓewa. Hebel ya matso da labarin zuwa zamaninsa. Saurayi ya yi sallama da budurwarsa ana saura kwanaki aure, ya shiga rami, bai fito ba. Yanzu ga matsalar marubuci: ta yaya za a nuna wucewar shekara hamsin a 'yan layuka? Sai ya jero abubuwan da suka faru a duniya ɗaya bayan ɗaya, cikin jimla mai tsawo, girgizar ƙasar Lisbon ta 1755, Yaƙin Shekara Bakwai, rabon ƙasar Folan, mutuwar sarauniya Maria Theresia, 'yancin Amurka, juyin juya halin Faransa, Napoleon a Furushiya, Ingilawa suna ruwan wuta a Kofanhagen. A ƙarshen jerin, ba tare da sauya murya ba, ya ƙara da manoma da ke shuka da girbi, da mai niƙa, da maƙera, da mahaƙa. Sannan aka tono gawar, saurayi sharaf kamar jiya ya mutu, babu wanda ya san shi sai wata tsohuwa mai dogara sanda. Ita ce amaryar. Malami ne ya rubuta wannan jimla, wanda ya san shekarun sarakuna da ka, ya kuma san cewa a kan bayan masu noma da ƙira aka yi su duka. Cikin marubutan da suka biyo baya, Franz Kafka ya ƙaunaci littafin, Walter Benjamin ya yi rubutu a kansa, Elias Canetti ya ce da shi yake auna nasa rubutun.

Ba a rasa abin faɗa a kansa ba. Baden ƙawar Faransa ce a lokacin, da taimakon Napoleon ta faɗaɗa ta zama babbar masarauta a 1806, kalandar kuma ba ta fita daga layin gwamnati ba. Abin da ya rubuta a kan Andreas Hofer, jagoran manoman Tirol da suka yi tawaye a 1809 aka harbe shi a 1810, babu tausayi a cikinsa, kuma an daɗe ana riƙe shi da wannan. Hebel mutum ne mai tsoron hargitsi, ya ga abin da yaƙi ke yi wa ƙauyuka, ya fi son zaman lafiya ko da a ƙarƙashin mai ƙarfi. Ana iya fahimtar dalilinsa ba tare da an wanke wannan shafi ba.

Rabuwarsa da kalandar ta zo ta wata ƙofa. Faɗaɗar Baden ta shigo da ɗimbin 'yan Katolika cikin masarautar. A kalandar 1815 ya sa wani ɗan labari, Der fromme Rat: saurayi ɗan Katolika yana kan gada, limamai biyu suka ɓullo ta gaba da baya, kowanne ɗauke da abin ibadar da ake durƙusa wa, ya rasa wanda zai fuskanta, sai ɗayansu ya nuna masa sama da yatsa. Wasu shugabannin Katolika suka ce izgili ne, hukuma ta sa aka cire labarin bayan an riga an buga. Abin ya yi masa ciwo, domin shi a ransa haɗa kai yake nema. Ya ajiye aikin. Sau ɗaya ya sake riƙe kalandar gaba ɗaya, ta 1819.

Shekarunsa na ƙarshe muƙamai suka cinye. Ya sauka daga shugabancin makaranta a 1814, amma ya ci gaba da shiga aji har 1824. A 1819 aka naɗa shi shugaban malaman cocin Luther na Baden, wanda ya ba shi kujera a majalisar dattawan ƙasar ƙarƙashin kundin mulkin 1818. Yana cikin waɗanda suka haɗe ɗarikun Furotesta biyu na Baden suka zama coci ɗaya a 1821, shekarar da jami'ar Heidelberg ta ba shi digirin girmamawa. Ɗan mai aikatau ya kai ƙololuwa. A daidai wannan lokaci ne kuma ya zauna ya rubuta huɗubar kama aiki a majami'ar ƙauye, huɗubar da bai taɓa karantawa ba, don ba a taɓa ba shi ƙauyen ba. Littafinsa na ƙarshe na yara ne, labaran Littafi Mai Tsarki cikin harshe mai sauƙi, ya fito a 1824, aka yi ta karantar da shi a makarantun Baden har 1855.

A watan Satumba na 1826, yana da shekara 66, ciwon ciki na damunsa, ya fita rangadin duba jarrabawar makarantu a Mannheim da Heidelberg. Ya kammala ta Mannheim, jiki ya ƙi. Ya sauka a Schwetzingen, gidan abokinsa Johann Michael Zeyher, mai kula da lambunan fada, ya rasu a can ranar 22 ga wata, aka binne shi a garin.

Gidan da ya tashi a Hausen yanzu gidan tarihi ne. Wata waƙarsa ta tunawa da Basel ta zama taken da mutanen birnin ke rerawa a bukukuwa da filin ƙwallo. Kowace 10 ga Mayu ana bikinsa a Hausen, inda wata gidauniya da mutanen Basel suka kafa a 1860 ke shirya wa tsofaffin ƙauyen walima, maza goma sha biyu mafiya shekaru, daga baya aka ƙara da mata goma sha biyu. A wurin bikin ake miƙa lambar yabon adabi mai ɗauke da sunansa, wadda aka fara bayarwa a 1936. Albert Schweitzer ya karɓe ta a 1951, Elias Canetti a 1980.